Kwarin rufi a Legas: a rufe shi ko a bar shi a buɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina gina gida a Ikorodu, gini ya kai matakin rufi. Fasalin gidan kamar harafin L yake, ga kuma baranda a gaba mai nata ɗan rufin. Kafinta ya ce rufin zai sami kwari uku, wato wuraren da gangare biyu ke haɗuwa ruwa ya bi tsakaninsu. Gidan hayar da nake ciki a Agege duk damina daidai irin wannan mahaɗa yake yoyo, an sha liƙa masa kwalta bai daina ba. Rufin shingil nake so, wato mai ƙananan fallaye masu hawa kan juna. Wani ya ce a rufe kwarin ruf da shingil ya fi kyau a ido, wani ya ce a bar shi a buɗe da kwano. Wanne zan bi, kuma me zan sa wa ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya, a tare lafiya.

A Legas ka bar kwarin a buɗe. A shimfiɗa masa kwano mai faɗi da kauri a kan katako, kuma kada ƙusa ko ɗaya ta shiga tsakiyarsa. Shawarata ke nan, amma tunda gumin ka ne kuma iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa, bari in zayyana maka dalili, yadda in ka tsaya a kan aikin za ka san abin da kake kallo.

Ko'ina a jikin rufi ruwa a baje yake sauka, kowane taku yana ɗaukar ɗan rabonsa. Kwari ne kaɗai wurin da ruwan ɓangare biyu ke taruwa a layi guda. Lissafin ba shi da wuya: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A ce kwarin da ke kusurwar gidanka yana karɓar ruwan murabba'in mita 40, sai aka tsuge da irin ruwan nan na watan Yuni kamar da bakin ƙwarya, ƙarfinsa ya kai milimita 100 a awa. Lita 4,000 ke nan a awa, wato duro mai cin lita 200 yana cika duk minti 3, kuma duk ta wannan siririyar hanya zai bi. Mu da muka taso a Arewa mukan raina wannan lissafi, don ruwan da Legas ke samu a shekara ya kai kusan ninki biyu na na Kano. Damina a nan tana kamawa tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Duk wanda yake garin nan ranar 10 ga Yuli 2011 ya ga ruwan da ya haura milimita 200 a yini guda. Irin wannan rana ake gina wa kwari, ba ranar yayyafi ba.

Ga wani abu kuma da ko wasu masu aikin ba su cika lura da shi ba: kwari bai kai rufin da ke gefensa gangare ba, domin a karkace yake tafiya. Rafta ita ce katakon da ke gangarowa daga tozon rufi zuwa bango. Saukar da raftar da aka saba za ta yi a tafiyar inci 12, raftar kwari sai ta yi tafiyar kusan inci 17 kafin ta yi ta. In gangaren rufinka digiri 30 ne, na kwarin wajen 22 ne. In rufin digiri 20 ne, kwarin ya koma wajen 14. Ka ga wurin da ya fi ko'ina tara ruwa shi ne kuma ya fi ko'ina kwanciya. Saboda haka tun kafin a yanka katako ka tambayi kafinta gangaren da zai ba rufin. Ni ba na son ya gaza digiri 25, in da hali ma 30. Katakon da za ka rage in ka kwantar da rufi bai kai kuɗin silin ɗin da zai jiƙe ba.

Aikin kwari daga katako yake farawa. Raftar kwari ita ke ɗauke da gajerun raftocin da ke zuwa mata daga dama da hagu, nauyinta ya fi na sauran. In sauran raftoci katako mai inci 2 da 4 ne, ita a sa mata mai inci 2 da 6, ko a haɗa biyu a ɗaure su tare, sannan a tokare ta daga ƙasa da dogari da zai sauka a kan bango ko kan bim, wato kwantaccen ginshiƙin gini, ba a kan katakon silin ba. Ka zaɓa mata katako mai tauri, miƙaƙƙe, busasshe. Katakon da ake saya a kasuwanni irin su kasuwar Amu ta Mushin sau da yawa da ɗanyantakarsa yake zuwa, in aka kafa shi haka sai ya bushe a sama ya murɗe, ya ja kwarin ya lotsa a tsakiya. Inda kwari ya lotsa kuwa ruwa zai kwanta, ƙasa ta taru, tsatsa ta fara. A jera katakon a inuwa iska ta ratsa shi kafin a hau da shi, a shafe shi da maganin gara, musamman bakin da aka yanka da zarto, don nan ake yawan mantawa. In an kafa raftar, ka sa a ja zare daga samanta zuwa ƙasanta a gabanka. Zare ba ya ƙarya. 

Bayan rafta sai shimfiɗa. A kowane gefen kwarin a kwantar da faffaɗan katako mai inci 12 tun daga tozon rufi har bakinsa, ya zama kwanon kwarin yana da abin da zai kwanta a kai. Wannan shi ne abu na farko da ake tsallakewa in ana son rage kuɗi, sai a ɗora kwanon a kan iska, yana rataye tsakanin katakan gicciye. Ran da mai gyaran tauraron ɗan'adam ko mai sa sola ya taka shi, ya lotsa ke nan har abada. A kan katakon kuma a manna shimfiɗar kwalta mai manne kanta, mai faɗin santimita 90, rabi a dama rabi a hagu, a faro daga ƙasa a yi sama, a danna ta sosai cikin lungun kada a bar rami a ƙarƙashinta. Ita ce mai tsaro na biyu. Ran da iska ta tura ruwa ya tsallake kwano, ita za ta tare shi ta kai shi waje.

Yanzu kwanon kansa, inda nake so ka fi tsayawa. Faɗinsa kada ya gaza santimita 60. Waɗanda ake sayarwa a shirye a kasuwa da yawansu sirara ne, gara ka sa a lanƙwasa maka naka a wurin masu injin kwano, da awon da kake so. In alminiyom ne, na fi son mai kaurin milimita 0.7, kuma ba na yarda da abin da ya gaza 0.55. Ka sa a auna kaurin da ma'auni a gabanka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a rasit. A lanƙwasa bakinsa na dama da na hagu su ɗago, don ruwan da ya fantsama gefe ya ci karo da su ya dawo. A tsakiyarsa kuma a fitar da ɗan tudu mai tsayin kamar santimita 2 da rabi, tun daga sama har ƙasa. Wannan ɗan tudu zai yi maka babban aiki a kwari biyun nan na baranda. Can ruwan babban rufi yana gangarowa da gudu, na baranda kuwa ɗan kaɗan ne, ba shi da ƙarfin tare shi, sai na babban ya tsallake kwarin ya kutsa ƙarƙashin rufin baranda. Tudun ne ke karya masa gudu ya juya shi ƙasa.

Kada a yi kwanon dogo guda. A yanka shi kashi-kashi, kowanne kada ya wuce mita 3, a faro daga ƙasa, na sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla santimita 15, in kwarin a kwance yake a ƙara ya kai 20 ko fiye. Dalilin rarrabawar shi ne zafi. Alminiyom mai tsawon mita 6, in ya tashi daga sanyin asuba zuwa zafin azahar da bambancin digiri 40, yana miƙewa da fiye da rabin santimita, da dare ya koma. In an ɗaure shi tam da ƙusoshi, kullum yana ja yana saki har ramin ƙusar ya buɗe. Saboda haka a riƙe shi ta gefe kawai, da 'yan ƙananan maƙalai na irin ƙarfensa da za su kama bakin da aka lanƙwasa, ƙusa ta shiga maƙalin ba jikin kwanon ba.

To, Alhaji, wane shingil kake nufi? A kasuwar Legas abu biyu ne ke amsa wannan suna, kuma kwarinsu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kwalta, wanda ya fi yawa a Amurka, mai laushi, ana kafa shi a kan filawud da aka rufe dukan rufin da shi. Akwai kuma kwanon ƙarfe da aka lulluɓe da 'yan tsakuwoyi aka buga masa fasalin shingil, wanda mutane ke kiran kowane irinsa Gerard, da sunan kamfanin nan da asalinsa daga Niyu Zilan yake. Na fi zaton na biyun kake nufi, don shi ya cika sababbin unguwannin Ikorodu.

In shi ne, gardamar mutanenka biyu ta ƙare, domin ƙarfe ba ya kwanciya ya ƙetare kwari. Abin da wasu ke yi su kira shi rufaffen kwari shi ne su matso da bakin dama da na hagu har su kusa taɓa juna, kwanon ya ɓuya a ƙasa. Daga titi yana da kyau, ba musu. Amma ganyen mangwaro da ƙurar hunturu da tsakuwar da ke kakkaɓewa daga jikin kwanon duk suna shiga ta wannan tsaga, ba kuma hannun da zai iya fito da su. Cikin 'yan shekaru sai kwarin ya cika ya zama madatsa. Ka sa a bar tsakani na santimita 10 zuwa 15, yadda tsintsiya za ta shiga. A kafa katakon gicciye guda a kowane gefe yana bin tsawon kwarin, sauran su zo su tsaya a jikinsa. Kowane falle da ya iso kwari a auna shi, a yanka shi da rarar santimita 4 ko 5, a lanƙwasa rarar ta kalli ƙasa cikin kwanon kwarin. Wannan lanƙwasa ce ke sa ruwa ya ɗiga inda ake so, tana kuma hana ɓera da tsuntsu shiga. Da almakashin kwano ko guilotin ɗin da aka yi dominsa ake yanka shi. Kada ka bari a yi amfani da injin nan mai tartsatsi, domin yana ƙone rigar da ke kare ƙarfen, garin ƙarfen da yake watsawa kuma ya zauna a kan rufi ya yi tsatsa tun a damina ta farko. In ka ji ƙarar wannan inji a saman gininka, ka tsayar da aikin.

In kuwa na kwalta ne, to shi yana yarda a rufe kwari, kuma ka cancanci ka san yadda ake yi kafin ka ƙi. Akan fara da ɓangaren da ya fi ƙanƙanta ko ya fi kwanciya, a bar shingil ɗinsa ya ƙetare tsakiyar kwarin da aƙalla santimita 30. Sai a zo da na babban ɓangaren ya hau kansa, a yanke shi a miƙe santimita 5 kafin tsakiya. Akwai kuma wanda ake saƙawa, layin dama ya hau na hagu, na hagu ya hau na dama, amma wannan ba ya kwanciya da shingil mai kauri. Aiki ne karɓaɓɓe a wurin masu yin shingil ɗin, in an yi shi daidai. Abin da ya sa ba na ba da shawararsa a Legas shi ne, duk ruwan nan da muka lissafa a kan fuskar shingil zai riƙa gudu, yana wanke tsakuwar da ke kare kwaltar daga rana, ga laimar garin da ke sa gansakuka ta kama duk wurin da bai bushewa da wuri. Kwarin ne zai riga sauran rufin tsufa. Ƙarfe ya fi jure wannan gudu, ya kuma fi saurin sallamar ruwa.

Yadda ake buɗaɗɗen da shingil na kwalta: a buga layi biyu da zaren alli a kan kwanon, tsakaninsu santimita 15 a sama, yana ƙara buɗewa da santimita 1 a kowace mita har ƙasa, tunda ruwa ƙaruwa yake yana sauka. A yanke shingil a kan layin, a sa wani abu a ƙarƙashi kada wuƙa ta karce kwanon. Ƙusa kada ta kusanci tsakiyar kwarin da ƙasa da santimita 15, kai gara ma ta fi haka nisa. Sannan wani ɗan aiki da ake rainawa: kusurwar sama ta kowane shingil da ya taɓa kwari a datse ta a karkace. In aka bar ta da tsininta, tana kama ruwan da ke wucewa ta ja shi ya bi saman shingil ɗin a kwance, ya yi tafiyar mita guda ko fiye kafin ya sami ƙusa ya shiga. Shi ya sa wani lokaci za ka ga tabo a silin nesa da kwari, alhali laifin na kwarin ne. Daga ƙarshe a shafa siririn layin kwalta mai faɗin yatsu huɗu a ƙarƙashin bakin shingil ɗin ya manne da kwano. Ka tuna kuma masu yin irin wannan shingil gangaren inci 4 a cikin 12 suke nema, wajen digiri 18, kafin a kafa shi yadda aka saba, kuma dole a bar wa iska hanyar shiga da fita a ƙarƙashin filawud, in ba haka ba laima ta ruɓar da shi daga ciki.

Kan kwari da ƙarshensa su ma a duba su. Kwari biyun baranda a sama za su haɗu, daidai inda tozon baranda ya shiga jikin babban rufi. A nan a naɗe bakin ɗaya a kan ɗaya, a ɗora wani falle guda ya rufe mahaɗar, rufin sama ya sauko ya hau kansa. A ƙasa kuma kwanon ya zarce katakon gaba da kamar santimita 5 ya zuba cikin magudana, kada ya tsaya daidai da katakon ya riƙa jiƙa shi. Ka sa bututun saukar ruwa kusa da bakin kowane kwari, mai inci 4, ba mai 3 ba. In irin rufin nan na yayi za ka yi, wanda ake ɓoye shi a bayan katanga ruwa ya zuba a magudanar kankare, to lallai a huda wa katangar ƙofar ko-ta-kwana a sama kaɗan da bakin bututun. Leda guda ta ruwan sanyi da iska ta ɗauko ta isa ta toshe bututu, in babu wannan ƙofa ruwan baya zai yi, ya hau kwari ya zubo cikin ɗaki.

Ikorodu ba ta kai Lekki ko Ajah ko Badagry shan iskar gishiri ba, amma a bakin ruwa take, kwanon ƙarfe siriri mai ɗan ruwan tutiya ba ya daɗewa a kwari. Ka zaɓi alminiyom mai fenti ko kwanon kwarin da masu rufin naka suka yi dominsa. Kada a gauraya ƙarafa: ƙusar baƙin ƙarfe a jikin alminiyom, ko tagulla a kusa da shi, in laima ta haɗa su ɗaya yana cin ɗaya. Siminti ma yana cin alminiyom, don haka duk wanda ya ce zai cike gefen kwari da kwaɓin siminti, ka ce masa a'a. Yana tsagewa, yana riƙe ruwa, yana kuma toshe hanya.

Gidan da kake ciki a Agege kuwa, ban gan shi ba, amma kwarin da aka sha liƙa wa kwalta bai daina yoyo ba, galibi ɗayan uku ne: ko kwanon ya yi siriri ruwa yana tsallake bakinsa, ko an buga ƙusa a cikinsa, ko ya riga ya ruɓe a ƙarƙashin liƙin. Kwalta da silikon ba sa maganin ko ɗaya daga ciki, rana tana busar da su su tsage, wani lokaci ma tudun liƙin ne ke tare ruwa ya juya shi ciki. Ka gaya wa mai gidan a ɗaga rufin da ke gefe da gefe, a cire tsohon kwanon gaba ɗaya, a duba katakon ƙasa, a sa sabo mai faɗi. Tsakanin Disamba da Fabrairu ne lokacin wannan aiki.

A naka ginin, ka yi yarjejeniya da kafinta tun farko cewa ba za a rufe kwari ba sai ka gani, ko wanda ka amince da shi ya gani. In kasuwa ta riƙe ka, a ɗauko maka hoto a waya a mataki uku: katako, shimfiɗar kwalta, sai kwano kafin rufi ya hau gefensa. Kai kanka kada ka hau rufi, musamman da safe da raɓa ko bayan ruwa, ka tsaya daga kan sikafo, wato matakalar magina, ko daga cikin gini ka duba. In an gama, kafin a sa silin, a ja tiyo a hau da shi, a fara zuba ruwa daga ƙasan kwarin ana hawa sama sannu a hankali, wani yana ciki da tocila yana duban katako. A watsa ruwan ta gefe ma, daga babban rufi zuwa ƙarami, don haka iska ke yi. Ka kuma riƙe wani kaso na kuɗin aiki, da sanin kafinta da yardarsa tun ranar ciniki, har sai rufin ya sha manyan ruwa biyu ko uku. Mai aikin kirki ba ya ƙin wannan sharaɗi.

In kun tare, sau biyu a shekara a hau a share kwarin da magudana: a watan Maris kafin ruwa ya sauka, don kwashe ƙurar hunturu da busassun ganye, sai kuma a lafawar Agusta. Mai sharar ya taka gefe inda katako yake, kada ya taka tsakiyar kwanon, kuma da tsintsiya zai yi, ba da shebur ba. In akwai bishiya kusa da gidan, a sare rassan da suka leƙo kan rufi.